Ganyen Bedi da Sunan Kakata

Kakata ba ta yi lakwal ba, amma wake bai taɓa lalacewa a hannunta ba. Takan shanya ganyen bedi a inuwa, ta daka, ta cuɗa da waken kafin ta rufe tukunya. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ƙwaro ba ya son ɗaci, ɗan nan."

Bana a ajin kimiyyar sinadarai na gamu da sunan abin: azadiraktin. Bedi ke ƙera shi don kare kansa, yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana shi saɓa ya girma. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar bedi. A 1968 aka ware sinadarin a Ingila. Sunayensu na cikin littafi, na kakata babu.

To ƴan uwa, ilimin nan na wa ne? Na wanda ya san abu yana aiki, ko na wanda ya gano yadda yake aiki?

Ba na raina aikin labo. Kakata ba ta san adadin da ke cikin ganye ba, kuma wani ɗacin guba ne, sai an auna ake rarrabewa. Amma mai awo bai fara daga banza ba, an nuna mishi itacen da zai duba. A 1994 ofishin ba da haƙƙin ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka haƙƙi kan maganin cutar shuka daga man bedi. Mutanen Indiya suka ce sun daɗe suna yi, aka soke haƙƙin a 2000.

Nan jikina ya yi sanyi, don bedin kansa daga can Indiya ya zo mana. Ashe kakata ma gado ta ci. Ke nan ilimi amana ne da ke bi hannu-hannu, kuma cin amanar shi ne ka karɓa ka shafe hannun da ya miƙo maka.

Baɗi zan shiga ƙauyuka in tambayi tsofaffi sirrin itatuwa don rubutun kammala karatu. Na yi alkawari: zan faɗa musu inda maganarsu za ta, in rubuta sunan wanda ya yarda, in koma musu da abin da awo ya nuna, ko da ya saɓa wa zatonsu. Wanda ya ƙi faɗa kuwa, in yi godiya in tashi.