Baƙo Da Ɗan Gida: Wa Ya Fi Cancantar Tsoka?

A Warra, bakin tafkin Kainji, mun san yadda abin yake. Idan masunci ya kamo giwan ruwa, kasuwa zai kai shi. Abin da ke shiga tukunyar gida ƙananan karfasa ne, a jefa cikin miyar kuka da daddawa da albasar Yauri, a ci da tuwon dawa. Amma ranar da baƙo ya sauka, sai a dafa shinkafa, a yanka kaza, ko da bashi ne. Yara kuwa suna leƙe, suna jiran sauran kwano.

Muna kiran wannan karamci, kuma da gaskiyarmu, domin addini ya umarce mu da girmama baƙo. Sai dai baƙo raɓa ne. Yaron da ke leƙen shi zai zauna, ya girma da darasi biyu: tuwon mahaifiyarsa abin ɓoyewa ne, shi kuma bai kai a yanka masa kaza ba.

Mutanen Girka ma sun shahara da karɓar baƙi, amma fasolada, miyar wake da man zaitun, cimar talakansu, ita suke kira abincin ƙasa. Ba sa jin kunyarta.

Girmama baƙo bai wajabta mana raina tukunyarmu ba. Mu ajiye masa tuwon da muke ci, yaranmu su sa hannu tare da shi. Ranar da aka kamo babban kifi kuma, a bar wa gida tsoka kafin a tafi kasuwa.