TAMBAYA BA KAFIRCI BA CE

'Yan'uwana mata, akwai wata kalma da aka rene mu da ita tun muna ƙanana, ita ce "kul". Yarinya ta ce, Inna, me ya sa Allah Ya ɗauke ƙanena alhali bai yi wa kowa laifi ba? Sai a buge mata baki, a ce kul, so kike ki kafirta? To shiru dai ta yi, amma tambayar ba ta mutu ba, ciki ta koma ta kwanta, kuma da ita za a kai ta ɗakin miji.

Ni kuwa iya ɗan karatun da Allah Ya hore mini, ban ga inda addini ya ce a toshe bakin mai tambaya ba. Ki buɗe Suratul Baƙara aya ta 260. Annabi Ibrahim (A.S), badaɗin Allah, ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda yake rayar da matattu. Da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya amsa cewa ya yi, so yake dai zuciyarsa ta natsu. Ba a kore shi ba, ba a ce ya yi saɓo ba, tsuntsaye huɗu aka sa ya kama, aka nuna masa ƙuru-ƙuru. Ashe ke nan imani yana iya zama a zuciya, zuciyar kuma tana neman natsuwa.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Haulatu 'yar Sa'alaba. Mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari cikin fushi, wato ya kamanta ta da mahaifiyarsa, a al'adar lokacin kuwa aure ya ƙare ke nan. Ga tsufa ya kama ta, ga 'ya'ya. Ta je wajen Manzon Allah (S.A.W), amsar da ta fara samu ba ta share mata hawaye ba, amma ba ta naɗe mayafinta ta tafi ba. Ta yi ta maimaita maganarta tana kai kukanta ga Allah, har wahayi ya sauka da mafita ta kaffara. Yau sura ta 58 sunanta Mujadala, saboda jayayyar wannan baiwar Allah, kuma 'ya'yanmu suna haddace ta a Islamiyya. Allah Sarki! Da a unguwarmu ta yi haka, da tuni an ce ba ta da kunya. Haka Ummu Salama (R.A) ta tambaya me ya sa ake ambaton maza ba a ambaton mata, aya ta 35 a Suratul Ahzab ta sauka.

To amma kada a ce na ce komai daidai ne. Akwai tambayar neman sani, akwai ta izgili wadda mai ita ba ya son amsa, akwai kuma waswasi, wanda ke faɗo wa mutum ko yana tsakiyar salla. Wannan na ƙarshe shi ne ke cin mata da yawa a ɓoye, mace ta kwana tana kuka tana zaton ta fita daga Musulunci. A Sahihu Muslim sahabbai sun kai irin wannan kuka, cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba, Annabi (S.A.W) ya shaida musu cewa ƙin abin da suke yi shi ne tsantsar imani. Maganinsa neman tsari da kau da kai. Amma tambayar idda, ta gado, ta haila, ta haƙƙinki a kan maigida, wannan ba waswasi ba ne, kuma a'uziyya ba ta amsa ta.

Wallahi matar da aka hana tambaya ita ce abincin boka da ɗan tsibbu. Duk abin da aka ce mata addini ne sai ta haɗiye, ko da kuwa al'ada ce tsagwaronta, ko son zuciyar wani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru, jajis suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wajenta su koma su karantar da mata.

Abin da na lura, sau da yawa mai cewa kul ɗin nan ba addini yake karewa ba, amsar ce ba shi da ita, kuma yana jin nauyin ya faɗa. Alhali Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, an ruwaito an yi masa tambayoyi 48, a 32 daga ciki ya ce bai sani ba.