Mazari a Cikin Hoto

Shin wanda ya ɗauki hoton mazari yana cikin tashi, tashin ya kama ko kuwa gawar tashin? Ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin tafki yakan kaɗa su wajen sau 30 a daƙiƙa, abin da ido ba ya iya rabewa. A 1882 wani masani Bafaranshe, Marey, ya ƙera kyamara mai ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa, ya auna tsuntsaye da ita. Siffar bindiga ya yi mata.

Ba na cikin masu cewa hoto ƙarya ne. Yakan bayyana jijiyoyin fiffike da karkatarsa, kuma ya fi allurar masu tara ƙwari tausayi, tunda mazarin yakan wuce abinsa. Sai dai tashi ba ya wanzuwa sai cikin lokaci, shi kuwa hoto lokacin yake zarewa.

Mu malaman adabi ma haka muke yi. Mukan juye waƙar Shata a takarda, mu ƙirga layuka, mu fitar da jigo, alhali kalangu da 'yan amshi na waje. Ɗalibi kan ci jarrabawa a kanta, wataƙila kunnensa bai taɓa jin ta ba.