Yaushe Ne Makokin Mai Bi Yake Ƙarewa?

Akwai maganganu biyu da muka saba yi wa wanda abokin aurensa ya rasu, kuma sau da dama baki ɗaya ne yake furta su. Ta farko a bakin kabari muke yin ta: "Mama, ki daina kuka, ai ya tafi wurin Ubangiji. Ke ba mai bi ba ce?" Ta biyu kuwa sai bayan wata takwas ko goma, ranar da aka ga ta ɗaura zane mai haske, ta yi dariya a taron Zumuntar Mata. A nan ne ake raɗa: "Ashe har ta manta da shi?" In ta yi kuka a ce bangaskiyarta ta kasa, in ta share hawaye a ce ƙaunarta ta kasa. To, mene ne bangaskiya take bukata daga gare ta?

Bari mu fara da kukan. Littafin Farawa sura 23 ya nuna mana Ibrahim, wanda muke kira uban masu bangaskiya, yana makoki da hawaye a Hebron sa'ad da Saratu ta rasu tana da shekara 127. Sai da ya yi kukansa kafin ya tashi ya sayi kogon Makfela a hannun Efron a bakin shekel 400 na azurfa. Ɗansu Ishaku yana da shekara 37 a lokacin, Nassi kuwa bai ambaci ta'aziyyarsa ba sai da ya auri Rifkatu yana da shekara 40. Shekara 3 ke nan, ba kuwa wanda ya tsawata masa. Ubangijinmu Yesu ma ya san zai ta da Li'azaru kafin rana ta faɗi, duk da haka hawaye suka zubo masa a gaban jama'a a Betanya. Idan sanin tashin matattu yana hana kuka, da shi ne na farko da bai kamata ya yi ba. Abin da manzo Bulus ya hana Tasalonikawa shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Da yawa daga cikinmu mun datse wannan aya, muka riƙe rabinta, muka mai da ita sandar dukan masu makoki.

Har gunaguni ma yana da wurinsa. Na'omi ta binne mijinta Elimelek a Mowab, bayan wajen shekara 10 ta binne 'ya'yanta biyu. Da ta komo Baitalami ta ƙi sunanta, ta ce a kira ta Mara, wato mai ɗaci, ta kuma ɗora wa Allah alhakin a fili. A wasu majami'unmu da an kai ƙararta wurin dattawa. C. S. Lewis, malamin jami'a a Ingila wanda ya yi suna wajen kāre bangaskiyar Kirista, ya rasa matarsa Joy da ciwon daji a 1960. Ya rubuta abin da yake ji, har da yadda addu'a ta zama masa kamar buga ƙofar da aka kulle, aka buga littafin a 1961 da wani suna dabam. Mutumin bai bar bangaskiya ba har rasuwarsa a 1963. Wanda yake yi wa Allah ƙorafi bai daina magana da shi ba, kuma a ganina wannan ya fi ibadar da ake yi da leɓe, zuciya kuwa a rufe.

Amma ku lura da hanyar da warkewa ta bi ta zo wa Na'omi. Ba mala'ika aka aiko mata ba. Surukarta Rut ce ta ƙi rabuwa da ita, ta fita kala a gonar sha'ir. Bo'aza ne ya umarci ma'aikatansa su riƙa barin zangarniya da gangan, daga baya ya zauna a ƙofar gari tare da dattawa 10 ya fanshi gonar marigayin. Hatsi, da gona, da shari'ar gaskiya, da mutum ɗaya da ya zauna: da waɗannan Allah ya yi aikinsa. Haka ikilisiyar farko ta gane, gama a Ayyukan Manzanni sura 6 an zaɓi mutum 7, har da Istifanas, saboda ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci.

A nan ne kunya take kama mu. Ranar jana'iza gida ya cika, ƙungiyar mawaƙa ta kwana, tukwane suna kan wuta. Bayan mako biyu kowa ya koma harkarsa, a lokacin ne kuwa ainihin ciwon yake farawa, sa'ad da ta zuba tuwo kwano biyu bisa ga sabo. Mafi muni, akwai gidajen masu bi inda 'yan'uwan miji suke raba gona da babur da kwanon rufi tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, sa'an nan su zo sujada ran Lahadi. Dokar hana cin zarafin mutane wadda Najeriya ta kafa a 2015 ta sa hukunci a kan al'adun da suke cutar da gwauraye. Abin takaici ne a ce sai gwamnati ta tuna wa ikilisiya abin da wasiƙar Yakubu ta faɗa tun ƙarni na farko. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, da hare-haren Boko Haram a Borno da Yobe da Adamawa, sun bar mana gwauraye matasa masu goyo, waɗansu ma ba su ga gawar mazajensu ba. Wa'azin haƙuri ga wadda ba ta da kuɗin makarantar 'ya'ya kamar yi wa mai yunwa kirari ne.

Maza ma kada mu manta da su. An koya wa namiji ya haɗiye hawaye, sai dangi su matsa masa ya yi aure cikin wata uku domin a samu mai dafa abinci. Amaryar takan shigo ta tarar da makokin da ba a yi ba yana jiranta a ɗaki.

Akwai kuma baƙin cikin da yake zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ambaci makoki mai tsanani wanda ya wuce wata 6 yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Wanda ya daina ci da barci, ko yake zancen bin marigayi, a kai shi wurin likita, fasto kuma ya ci gaba da addu'a. Luka ma likita ne.

Saura magana ta biyu, wato raɗar nan ta "har ta manta". Ita ce ta fi wuya, domin sau da yawa mai makokin ne da kansa yake yi wa kansa. Ranar da ya fara jin daɗin abinci, sai zuciyarsa ta ce ya ci amana. Yana riƙe baƙin cikin domin shi ne abu na ƙarshe da ya rage masa na matarsa. Amma alkawarin da aka yi a gaban bagade yana da iyaka, mu duka mun ji an faɗe ta: mutuwa. Bulus ya bayyana wa Romawa da Korantiyawa cewa wadda mijinta ya rasu tana da 'yancin yin aure cikin Ubangiji, har ya shawarci Timoti a bar gwauraye matasa su sake aure. Hannatu annabiya kuwa ta zauna da mijinta shekara 7 kawai, ba ta sake aure ba, ta tsufa tana sujada a Haikali har ta ga jariri Yesu. Nassi bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba, bai kuma ba maƙwabta ikon ƙirga wa kowa watanni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ibrahim ya ƙara shekara 38 a duniya bayan Saratu. Ya auri Ketura, ta haifa masa 'ya'ya maza 6. Da ya rasu yana da shekara 175, Ishaku da Isma'ilu suka ɗauke shi suka kai shi kogon nan na Makfela, suka binne shi kusa da Saratu.