Zaman Kulle da Hakkin Maƙwabci

Tun muna yara aka koya mana, wanda ya ke ƙaunar maƙwabcinsa ya kan je wurinsa. In an yi haihuwa a je barka, in ciwo ne a je dubiya, in rasuwa ce a je a zauna tare da masu makoki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Basamariyen nan kuwa na cikin Luka sura 10, abin da ya bambanta shi da firist da Balawe shi ne, su sun ratse ta wancan gefen hanya, shi ya matso kusa, ya sa hannunsa a raunukan mutumin. Sai ga shekara ta 2020 ta zo da wata koyarwa wadda ta ke kamar ta juya wannan duka: wai in kana ƙaunar maƙwabcinka, ka nisance shi, ka shiga gidanka ka rufe ƙofa. Tambayarmu ke nan a cikin wannan darasi. Mutumin da ya rufe ƙofarsa a kwanakin annoba, ya cika hakkin maƙwabcinsa ne, ko kuwa sawun firist da Balawe ya bi?

Bari mu fara tuna yadda abin ya faru, gama mantuwa tana da sauri. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Ikko, watau Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, an ba da umurnin kulle Ikko da Ogun da Abuja, a nan Jihar Neja kuwa Gwamna Abubakar Sani Bello ya hana fita daga ƙarfe 8 na safe har ƙarfe 8 na dare. A cikin Afrilu, sa'anda aka tabbata cutar ta shigo jihar, aka mai da kullen dare da rana, daga baya aka riƙa buɗe waɗansu ranaku domin mutane su sayi abinci. Wanda ya san hayaniyar Kasuwar Kure da shataletalen Mobil, ya ga wuraren nan shiru da tsakar rana, ba zai manta ba. Da yawa sun yi idin Ista, ran 12 ga Afrilu, a cikin ɗakunansu, azumin maƙwabtanmu Musulmi kuma ya kama a ƙarshen watan, ana cikin wannan hali.

Dalilin dokar ba shi da wuyar ganewa. Cutar tana bin numfashi da tari. Mutum ya kan ɗauke ta kwanaki, wani lokaci har kusan mako biyu, bai san yana da ita ba, yana cin abinci da mutane, yana musafaha, yana waƙa a cikin sujada. Saurayi mai ƙarfi sau da yawa ya kan tashi ba tare da ya sha wuya ba. Tsoho, da mai ciwon sukari, da mai hawan jini, su ne ta fi kayarwa. Saboda haka saurayin da ya ce shi ba ya tsoro, zai fita abinsa, bai lura da cewa ran da ya ke caca da shi na kakarsa ne ba. Irin wannan jarumtaka tana da araha ƙwarai.

Keɓe mai ciwo kuma ba sabon abu ba ne. A Littafin Firistoci sura 13, in an ga tabo a fatar mutum, ba a tabbata ko mene ne ba, firist ya kan kulle shi kwana 7, ya sāke dubawa, in da shakka ya ƙara kwana 7. Masu karatu za su lura, jimlarsu daidai ta ke da kwana 14 ɗin da likitoci suka sa wa wanda ya cuɗanya da mai korona. Mu mutanen Minna, da asibitin kutare ya ke nan kusa da mu a Chanchaga, mun san nauyin da ke cikin raba mutum da danginsa, mun kuwa gode da ya ke yanzu kuturta tana da magani. Mun kuma san abin da ya kan faru in annoba ta sami hanya a buɗe. Murar nan ta 1918, wadda tsofaffin ƙasar Hausa su ke kira Marisuwa, ta jirgin ruwa ta sauka Ikko, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta hau arewa, Minna kuwa ita ce mahaɗar da hanyar Ikko ta gamu da ta Baro. A 1527, sa'anda annoba ta faɗa wa garin Wittenberg a ƙasar Jamus, Martin Luther ya ƙi gudu, ya zauna yana jinyar marasa lafiya a gidansa. Duk da haka shi ne ya gargaɗi mutane su sha magani, su tsabtace gidajensu, su guji wuraren da ba a bukatarsu, ya kuma lissafta ƙin yin haka a kan gwada Allah.

Har nan amsar tana da sauƙi: rufe ƙofa a irin wannan lokaci aikin ƙauna ne. Amma in mun tsaya nan ba mu yi wa tambayar adalci ba, gama kalmar nan “gida” ba abu ɗaya ta ke nufi ga kowa ba.

Ga ma'aikaci mai albashi a Bosso ko Tunga, gidansa da katanga, da tankin ruwa, da buhun shinkafa a ɗakin ajiya. A gare shi kulle gajiyar zama ne kawai. Ya yi barcin rana, ya saurari rediyo, ya koya wa 'ya'yansa lissafi, wata ya ƙare kuɗinsa ya shigo. Ga kuma ɗan dako a gidan haya a Kpakungu, inda iyali 8 ko 10 su ke tarayya da tsakar gida ɗaya, da makewayi ɗaya. An ce masa ya bar taku biyu tsakaninsa da kowa, alhali shi da matarsa da 'ya'ya 5 a ɗaki ɗaya su ke kwana, ƙarƙashin kwano, a watan da zafin Minna ya fi tsanani. An ce ya yawaita wanke hannu da sabulu, alhali ruwan da jarka ya ke sayensa daga wurin mai tura kura. Abincin darensa kuwa daga abin da ya samo da rana ya ke fitowa. Matarsa, wadda ta saba soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli yara su kai talla, ita ma cinikinta ya tsaya rana ɗaya da nasa. Haka ɗan acaba, da tela, da mai wankin hula, da malamin makarantar kuɗi wanda aka daina biyansa tun ran da aka rufe aji. Doka ɗaya aka karanta wa gidajen nan biyu, amma abin da ta karɓa daga hannun kowanne ba daidai ba ne.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan mutum. A 2 Sarakuna sura 7 akwai kutare 4 a bakin ƙofar Samariya a lokacin yunwa, suna ta lissafi: zama a nan mutuwa ne, shiga gari mutuwa ne, gara su tafi sansanin abokan gāba, watakila a bar su da rai. Lissafin da magidanta da yawa suka yi ke nan a watan Afrilu, sa'anda suka bi lunguna da asuba suna neman ko dakon buhu ɗaya. Marubucin bai zarge su ba. Shari'ar Musa kuma, wadda ta ba da umurnin kulle mai ciwo, ita ce ta ce a biya ɗan ƙodago hakkinsa a ranar da ya yi aikin, kafin faɗuwar rana, domin matalauci ne, a kan kuɗin nan ya dogara (Maimaitawar Shari'a sura 24). Ita ce ta hana mai gona girbe hatsinsa har gefe, domin a bar wa matalauci da baƙo kala (Littafin Firistoci sura 19). Dokar kulle da dokar kala a littafi ɗaya su ke, sura 5 kaɗai ke tsakaninsu. A ganinmu ba a ba mu izinin ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya ba.

Akwai kuma wani abin da mai wadata ya kan manta. Zamansa a gida lafiya ya yiwu ne domin waɗansu ba su zauna ba. Manomin Gwari ya kai doyarsa bakin hanya, direba ya ɗauko, mai ruwa ya tura kurarsa, malamar asibiti ta tafi aiki ta komo wurin 'ya'yanta da fargaba. Waɗanda suka zauna da yunwa kuma, yunwarsu ce ta rage yawan mutane a titi, ta haka ta tsare lafiyar mai ƙoshi. Wannan bashi ne, ko da shi ke ba wanda ya rubuta shi a takarda.

Wani ƙauye a Ingila mai suna Iyam ya nuna yadda a ke biyan irin wannan bashi. Annoba ta shige shi a 1665. A shekara ta biye, bisa ga shawarar limaminsu Wiliyam Mompesson, mutanen suka yarda ba mai fita, don kada su kai cutar garuruwan kewaye. Suka daina taruwa a masujada, suka riƙa yin sujada a fili, kowane iyali nesa da wani. Wajen mutum 260 suka mutu. An daɗe ana yabon ƙarfin halinsu, ya kuwa cancanta. Amma abin da ya sa alkawarin ya tsaya shi ne, basaraken yankin da ƙauyukan da ke kusa sun riƙa kawo abinci suna ajiyewa a bakin iyaka, mutanen Iyam kuma su bar kuɗi a cikin ruwan tsami a ramukan wani dutse. Da abincin ya yanke mako guda, da yunwa ta fasa iyakar.

A ƙasarmu wannan rabi na biyu shi ne ya yi rauni. A tsakiyar Afrilu na 2020 Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da labari cewa masu tilasta dokar kulle sun kashe mutum 18 a jihohi dabam dabam, adadin da ya fi na waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar a lokacin. A watan Oktoba kuma jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a birane da dama, suka tarar da abincin agaji jibge, watanni bayan tsananin yunwar ya wuce. Mai mulki yana da ikon rufe gari domin ceton rayuka, mu kuwa an umurce mu mu yi biyayya ga masu mulki. Amma wanda ya hana mutum neman abincinsa ya ɗauki nauyin ciyar da shi. In sanda ta riga kwano isa ƙofar talaka, an yi masa zalunci ko da dokar mai kyau ce.

Kada mu ɗora wa hukuma kaɗai, gama tambayar tamu ce, ta maƙwabta. A unguwanni da yawa an ga yadda a ke yi. Kwanon tuwo ya ƙetare katanga ba tare da an haɗa hannu ba. Mai gida ya ɗaga wa ɗan haya ƙafa har a buɗe gari. Uwar gida ta ci gaba da biyan mai yi mata wanki, ko da shi ke ta ce kada ta zo. Mai kanti ya buɗe littafin bashi. Dubiya ta koma ta waya, ba ta kai ta ƙafa daɗi ba, amma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ta san an tuna da ita. Ba a tambayi addinin mai karɓa ba, kamar yadda Basamariye bai tambaya ba. Shi ma, in mun duba da kyau, ba dukan taimakonsa da hannunsa ya yi ba: kashegari ya bar dinari 2 a wurin mai masauki, ya tafi, ya yi alkawarin cika sauran. Ashe ana iya jinyar mutum daga nesa, in an yarda a biya.

A cikin gida ma akwai maƙwabci, shi ne ma mafi kusa. Kalmar kulle da ma ta mata ce. A 2020 maza suka ɗanɗana ta. Magidanta da yawa a lokacin ne suka fara ganin yawan aikin da ke tsakanin sharar asuba da wanke-wanken dare. Wani ya ɗauki bokiti ya taimaka. Wani kuwa, da haushin rashin kuɗi ya cika shi, sai ya huce a kan matarsa da 'ya'yansa, su kuwa ba inda za su gudu, gama hanyar gidan iyaye a rufe ta ke. Mutumin da ya kiyaye dokar gwamna sarai, ya mai da ɗakinsa kurkuku ga iyalinsa, bai tsare ran kowa ba.

Saura tambaya mai wuya, wadda lalle wani zai yi a cikin aji. Ga mutum da mudu 4 na gero, da 'ya'ya 5, bai san ran da za a buɗe gari ba, maƙwabcinsa kuwa ba shi da ko ɗaya. Nawa ne hakkin maƙwabcin? Manzo Bulus, sa'anda ya ke tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya faɗa wa Korantiyawa (wasiƙa ta 2, sura 8) cewa ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum ya ke da shi, manufar kuwa a daidaita ne, ba a sauƙaƙa wa wani a ƙuntata wa wani ba. Bai yanka wa kowa adadi ba, mu ma ba za mu yanka ba. Abin da mu ke iya cewa shi ne, nauyin mai buhu 10 ya riga na mai mudu 4, kuma in masu buhu sun yi nasu da wuri, ba za a kai mai mudu ga wannan zaɓi ba.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matsayin babban haɗari na gaggawa. Amma kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lasa ba su bar ƙasarmu ba, wata rana kuma ana iya sāke cewa kowa ya zauna a gida. Kafin taro na gaba, bari kowane ɗan aji ya ƙirga gidajen da ke layinsa, ya san waɗanne ne a cikinsu su ke cin abin da aka samo a ranar, ya zo mana da yawansu.