Mai Son Zomo Ba Gudu

Daga cikin halayen da Shari'a ta yi hani da su, hankali kuma ya ƙyamace su tun kafin hanin ya zo, babu wanda ya kai ha'inci iya ɓad da kama, domin shi maha'inci ba ya tare hanya da makami, ba ya haura katanga da dare, sai dai ya karɓi cikakken lada a kan aikin da ya tauye, a miƙa masa da hannu biyu, a haɗa masa da godiya. Mun saba da shi a kasuwa, wurin mudu da sikeli. To, ashe har fagen gudu ya kai, inda mutum ba shi da hajar da zai kasa sai guminsa.

Dogon gudun nan na fanfalaki, cikakkensa kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka fara gudu a wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, rabinsa kuwa kilomita 21 da ɗan ɗoriya. Tun 2016 Ikko take shirya cikakken a kowace shekara, an kuma sha bi ta kan doguwar gadar da ta ratsa ruwa, Kaduna ma ta yi na rabin zango a 2020. Kuma al'adar masu shiryawa ce su zaɓi titunan da suka fi ƙawa a birni, domin baƙo ya ba idonsa abinci yayin da ƙafarsa take wahala.

Wani ɗan wana, saurayi a nan Dutsi, ya ƙudurta niyyar gwada rabin zangon nan karo na farko, ya yi wata da watanni yana fita bayan sallar Asuba, cikin sanyin hunturu da ƙura, yana bin gefen kwalta ta wajen Daura, masu zuwa gona suna tsayawa su waiwaya ko wani abu ne ya biyo shi. Da ranar ta zo na raka shi wani birni da ba zan ambata ba, na sami wata kwana kusa da ƙarshen fage na tsaya. Ina nan tsaye sai ga wani ƙato, lafiyayye, sanye da rigar tsere da lambarsa a ƙirji, ya sauka daga kan acaɓa a bayan wani shago, ya biya ɗan acaɓa kuɗinsa, ya fasa ledar ruwa ya kwarara a ka da riga domin a ce gumi ne, sa'an nan ya kutsa cikin masu gudu yana haki. Aka rataya masa lambar yabo, aka yi masa tafi, ya gyara tsayuwa aka ɗauki hoto. Yaronmu kuwa sai can ya iso, yana ɗingishi, cikin na baya-baya.

Magabata sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta da rani ya san ba ƙawata zance suka yi ba, domin zomo ba a kama shi da wayo daga zaune, sai an sha ƙaya, an sha rana, an faɗi an tashi. Abin lura a cikin maganar shi ne ba su raba naman da gudun ba, sun mai da su loma ɗaya. Haka lambar yabon nan take. In ka ɗebe 'yan ƙalilan na gaba da suke samun kuɗi, waɗanda galibi mutanen Kenya da Habasha ne, abin da ake ba sauran jama'a guntun ƙarfe ne da zare, wanda ba shi da wata daraja face shaidar da yake bayarwa cewa mai shi ya taka kowane taku da ƙafarsa. Saboda haka wanda ya hau acaɓa ya karɓe ta, shaidar zur ya rataya a wuyansa, kuma kullum ya nuna wa baƙo ita ya sake rantsuwa a kan ƙarya. Kaito! Me ya samu? Ƙarfin jikin da ake nema da gudun bai same shi ba, kuɗi babu, sai yabon mutanen da, da sun san gaskiya, da sun tofar.

Kada a ce ciwon namu ne mu kaɗai. A wasannin Olamfik na 1904 a Amurka, wani mai suna Fred Lorz ya shiga mota ta ɗauke shi wajen mil 11, ya sauka ya ƙarasa da gudu, har aka fara yi masa kirarin zakara kafin asirinsa ya tonu. A 1980 wata mata, Rosie Ruiz, ta faɗo cikin tseren birnin Boston dab da ƙarshe, aka naɗa ta gwarzuwar mata, bayan kwana 8 aka karɓe aka ba mai haƙƙi, Jacqueline Gareau ta ƙasar Kanada. A 2018 kuma, a tseren rabin zango na birnin Shenzen a ƙasar Sin, mutum 258 aka hukunta, waɗansunsu na'urar ɗaukar hoto ta titi ce ta kama su suna ratsa shuke-shuken tsakiyar hanya don su yanke. Dalili ke nan da ya sa manyan tsere suke liƙa 'yar na'ura a jikin lambar ƙirji, su shimfiɗa ma'auni a wurare daban-daban, wanda duk bai taka ba a san ya kauce.

Amma ni ba ƙaton nan ya fi ɓata mini rai ba. Da na ba da labarin a majalisa bayan mun dawo, dariya aka yi, wani dattijo har da cewa ai wannan shi ne mai wayo, yaronmu ne ya wahalar da kansa a banza. Subhanallahi! Mu da aka ruwaito mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bai nemi wata dabara ba sai da aka sake karawa bayan shekaru ya wuce ta. Mu da muka san yadda ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa, ya kuma barrantar da kansa daga mai yin algus. Yau mu ne muke kiran ha'inci wayo, a gaban 'ya'yanmu, suna ji. Yaron da ya ji wannan a bakin ubansa, yaya za a hana shi satar amsa ran jarrabawa, alhali sau da yawa uban ne ma yake biyan kuɗin a shigar masa da ita? In ya girma aka ba shi kwangilar ajin makaranta, ya rage siminti, rufi ya rufto, sai kuma mu taru muna salati muna cewa ƙaddara ce.

Ina roƙon masu shirya irin wannan tsere a garuruwanmu su sa wakilai amintattu a kowace kwana, wanda aka kama kuwa a karɓe lambar, a kira sunansa a bainar jama'a, a hana shi shiga na baɗi. Ku kuma iyaye da malamai, in yaro ya zo na ƙarshe da ƙafarsa, ku tashi ku tarye shi, ku sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa.