Nawa Ne Kuɗin Ɗiyarka?

Ya mai karatu, kada tambayar nan ta ɓata maka rai. Ka ji labari tukuna.

A shekara ta 1996 aka sayar da wata yarinya mai suna Hadizatu Mani a ƙasar Ƙwanni, cikin jihar Tawa. Shekarunta 12. Kuɗinta jaka 240 na sefa. Mutumin da ya saye ta ya mai da ita wahaya, wato ba matar aure ba ce, ba sadaki, ba hakki, sai aikin gida da na gona, ga kuma haihuwa. Shekara tara tana haka. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, aka ɗaure ta, wai ta yi aure kan aure. Ba ta yi shiru ba. Ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun CEDEAO ta zauna a Yamai. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotu ta ce gwamnatin Nijar ba ta kāre ta ba, sai ta biya ta sefa miliyan 10.

Za ka ce, “Allah ya kiyaye, mu ba mu yin haka.” Madalla. Amma ka tuna shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin shuka, bashi ya yi maka yawa. Wani mai hali ya aiko da goro. Ka cire yarinya daga lakwal, ba ka tambaye ta ba. Kai ka kira shi sadaki. To, ina aka kai kuɗin? In bashinka suka biya, mene ne bambancinsu da jaka 240? Na san yunwa ba ta da kunya, ban kuwa raina wahalarka ba. Duk da haka ba ka taɓa tunanin ba da ɗanka namiji domin dami goma ba. A ƙasarmu, cikin 'yan mata huɗu, wajen uku ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Abin da ake sayarwa ba a neman yardarsa. Ba wanda ke shawara da akuya kafin a kai ta kasuwa. Amma mace siffar Allah gare ta, daidai da kai. Karanta Littafin Ƙidaya sura 27. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya gaban Musa da dukan jama'a, suna neman gādon ubansu, gama bai bar ɗa namiji ba. Ba a kore su don sun yi magana ba. Ubangiji ya ba su gaskiya, abin kuwa ya zama doka a Isra'ila.

Ɗan'uwana, daren yau bayan tuwo, ka kira ɗiyarka da uwarta su zauna. Ka tambaye ta abin da take so, ka yi shiru har ta gama.